Intabiyun Ɗaukar Injiniyan Manhaja na Bayan Fage: Abin da Ake Aunawa da Matsayin Matasan Arewacin Zamfara

Yawancin manhajojin da ake aiki da su a waya ko a kwamfuta suna da ɓangare biyu, wato wanda ido yake gani, inda mutum yake rubuta lambar asusu ya latsa maɓallin turawa, da kuma wanda ba a gani, wanda yake gudana a kan wasu kwamfutoci na musamman da ake kira saba, waɗanda ba a kashe su dare da rana, kuma sau da yawa suna Legas ko wata ƙasa dabam alhali mai wayar yana Moriki. Wannan ɓangare na biyu shi ake nufi da bayan fage, kuma a can ne ake adana bayanai, a tantance wanda ya turo buƙata, a rage kuɗi daga wannan asusu a ƙara a wancan, sannan a mayar wa waya da amsa. Injiniyan da yake gina wannan ɓangare ba kasafai jama'a suke sanin da zamansa ba sai ranar da aikinsa ya samu tangarɗa, aka cire wa mutum kuɗi amma alat bai shiga wa wanda aka tura wa ba. Saboda girman ɓarnar da kuskurensa kan jawo, kamfanoni sun tsananta tantance shi kafin su ɗauke shi, har ganawar ɗaukar aikin, wadda kowa ya fi sani da intabiyu, ta zama fanni mai zaman kansa da ake rubuta wa littattafai, ake kuma shafe watanni ana yi wa shiri.

Batun ya shafi matasan Moriki da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kai tsaye, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta, alhali kamfanonin da suka fi ɗaukar irin wannan injiniya, kamar Interswitch da aka kafa a 2002, da Paystack da Moniepoint da suka samo asali a 2015, da Flutterwave da ta biyo baya a 2016, duk sun fi ƙarfi a Legas. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 yankin ya saba tura gyaɗa da auduga zuwa kasuwannin nesa, amma wanda yake son sayar da iliminsa sai ya bi jirgin da kansa. Annobar korona ta 2020 ta sauya wannan ƙa'ida gwargwado, domin kamfanoni da dama sun amince da aiki daga gida, intabiyun kanta ta koma ta bidiyo. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne, ainihin abin da intabiyu mai kyau take nema a wurin injiniyan bayan fage shi ne yadda yake tunani a kan lalacewar abubuwa, kuma ɗan wannan yanki ya san lalacewar sabis da wuta da hanyar biyan kuɗi sanin da ɗan birni bai yi ba, sai dai yakan faɗi tun a bakin ƙofa saboda wasu dalilai da ba su da alaƙa da ƙwarewa.

Yawancin kamfanoni suna bin matakai huɗu ko biyar. Ana farawa da duba takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira CV, sai gajeriyar hira da jami'in ɗaukar ma'aikata, wanda galibi ba injiniya ba ne, kuma abin da yake son ji shi ne ko mai nema yana iya bayyana kansa, da albashin da yake sa rai, da ranar da zai iya kama aiki. Daga nan sai gwajin rubuta kod, wato jerin umarnin da kwamfuta take bi, a ɗaya daga cikin harsunan da ake aiki da su kamar Java ko Python ko Go ko JavaScript, ko dai a shafi irin HackerRank cikin ƙayyadadden lokaci, ko a gaban injiniyan kamfanin. Sai zaman tsara fasalin manhaja, sai kuma hirar hali da mu'amala. Matakai biyun farko ba su da zurfin da za a tsaya a kansu, in ban da cewa CV ɗin da ya lissafa harsuna goma sha biyu ba tare da aiki ko ɗaya da za a iya buɗewa a gani ba yakan jawo shakka maimakon sha'awa.

Gwajin kod ya fi karkata ga abin da ake kira algoridim, wato tsararrun matakan warware matsala, da kuma hanyoyin jera bayanai a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana iya ba mai nema jerin lambobin waya miliyan ɗaya a ce ya fito da waɗanda aka maimaita. Hanyar da take fara zuwa zuciya ita ce a kwatanta kowace lamba da duk sauran, wanda yake nufin kwatance kusan biliyan 500, alhali idan aka yi amfani da wani tsari na ajiya wanda yake ba kowace lamba gurbinta ta hanyar lissafi, ta yadda za a san nan take ko an taɓa ganinta, aikin ba zai wuce matakai kimanin miliyan ɗaya ba. Mai tambaya yana son ya ga ko mai nema ya gane wannan tazara, ya kuma iya faɗin yadda lokacin aiki zai ƙaru idan bayanan suka ninka. Wannan ilimi na gaskiya ne kuma injiniya yana buƙatarsa, saboda haka babu hikima a raina shi. Littafin Gayle Laakmann McDowell mai suna Cracking the Coding Interview da shafin LeetCode sun zama abin dogaron masu shiri a duk duniya, kuma wanda ya lizimci warware tambaya ɗaya ko biyu kullum tsawon wata uku, yana fahimtar dalilin kowace amsa, ya fi wanda ya haddace amsoshi ɗari a mako biyu.

Duk da haka wannan mataki shi ne mafi rauni wajen auna wanda zai iya aikin. A 2013 Laszlo Bock, wanda yake shugabantar sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya bayyana cewa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da kamfanin ya shahara da su ba su nuna komai game da ƙwazon mutum a bakin aiki ba. A 2020 kuma wasu masu bincike na Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka, cikinsu har da Mahnaz Behroozi da Chris Parnin, tare da haɗin gwiwar Microsoft, sun raba ɗalibai 48 gida biyu, wasu suka warware tambaya a kan allo su kaɗai a ɗaki, wasu suka warware ta mai tambaya yana kallonsu, sai aka tarar ƙwazon waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Ma'anar wannan ita ce, irin wannan gwaji yana auna fargaba tare da ilimi, ba ya kuma iya raba su. Idan haka ta faru da ɗaliban da suke karatu a Amurka, to ana iya hasashen halin matashin da aka ce ya yi tunani a fili da Turanci, a gaban baƙo, a kan layin bidiyon da yake yankewa. Maganin da yake hannun mai nema shi ne atisaye, wato abokai biyu ko uku su riƙa yi wa juna intabiyun gwaji da agogo a gabansu, ɗaya yana rubutu yana bayani da Turanci, sauran suna katse shi da tambayoyi, har bakinsa ya saba tafiya tare da hannunsa.

Zaman tsara fasalin manhaja shi ne zuciyar intabiyun, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Ana ba mai nema buɗaɗɗiyar tambaya, misali a ce ya tsara yadda za a tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, sannan a zuba masa ido a ga tambayoyin da zai yi kafin ya fara zane. A ɗauka wani falke ya sayi buhunan hatsi a kasuwar Shinkafi, ya je wurin mai POS domin a tura wa mai kaya naira 40,000. Na'urar za ta aika buƙata zuwa sabar kamfaninta ta wata ƙofa da ake kira API, wato yarjejeniyar da ta fayyace yadda manhaja ɗaya za ta yi magana da wata, ita kuma sabar ta miƙa buƙatar ga bankin mai karɓa ta hanyar tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS, wanda ya fara aiki a 2011. To sai sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo. A wannan lokaci na'urar ba ta san ɗayan abu uku ba: ko buƙatar ba ta isa ba sam, ko ta isa an ƙi ta, ko kuwa ta isa an biya kuɗin amsar ce kawai ta ɓace a hanya. Mai POS zai sake latsawa, domin abin da kowane ɗan Adam zai yi ke nan, kuma idan injiniyan bai yi tanadi ba sai a biya sau biyu. Tanadin da aka sani shi ne, na'urar ta liƙa wa kowace buƙata lambar shaida tata ita kaɗai tun kafin ta aika, sabar ta adana lambar tare da sakamakonta, ta yadda idan buƙata mai wannan lamba ta sake zuwa ba za a sake cire kuɗi ba, sai dai a maimaita mata amsar farko. Mai nema da ya tayar da wannan matsala da kansa, kafin a ja hankalinsa gare ta, ya riga ya nuna abin da ake nema.

Daga nan tambaya takan gangara zuwa rumbun bayanai, wato manhajar da take adana bayanai a tsare, kamar PostgreSQL ko MySQL, waɗanda suka ginu a kan tsarin tebura masu alaƙa da juna da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, ake kuma yi musu tambaya da harshen SQL. Tura kuɗi aiki biyu ne, ragewa a nan da ƙarawa a can, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakaninsu kuɗin sun bar hannun wannan ba su isa hannun wancan ba. Saboda haka rumbun yana ba da damar a dunƙule ayyukan biyu su zama mu'amala guda, wadda ko dai ta tabbata gaba ɗaya ko a warware ta gaba ɗaya kamar ba a fara ba. Akwai kuma matsalar rige-rige: asusu yana da naira 50,000, buƙatu biyu na cire 40,000 suka iso a daƙiƙa ɗaya, kowace ta duba ta ga kuɗi sun isa, kowace ta biya, sai ga 80,000 sun fita daga inda 50,000 kaɗai suke. Ana kauce wa wannan ta hanyar kulle layin asusun har buƙatar farko ta kammala, ko ta sa sharaɗin isar kuɗi a cikin umarnin ragewar kansa. Mai tambaya nagari zai so ya ji farashin kowace hanya, domin kulle yana kare kuɗi amma yana sa sauran buƙatu jira, kuma idan aka yi shi ba tsari buƙatu biyu suna iya riƙe wa juna makulli su tsaya cak.

Wasu ƙananan abubuwa sukan bambanta wanda ya taɓa gina abu da wanda ya karanta kawai. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai wa daida, har ma idan aka tara 0.1 da 0.2 a yawancin harsunan kod amsar takan ɗara 0.3 da ɗan ƙanƙanin abu, shi ya sa ake adana kuɗi a matsayin cikakkun lambobi na kwabo, kuma haka Paystack take karɓar adadi a tsarinta. Haka nan injiniya mai hankali ba ya goge tsohon adadi ya rubuta sabo a kansa, sai dai ya yi yadda ɗan kasuwa mai tsoron Allah yake yi da littafin bashi, wato ya rubuta kowace shiga da kowace fita a layinta da kwanan watanta, in an yi kuskure ya gyara da sabon layi, domin duk ranar da aka yi gardama a iya bin sawu tun daga farko. A kan wannan kundi ne ake daidaita lissafi, wato kwatanta abin da kamfani ya rubuta da abin da banki ya rubuta, a gano mu'amalolin da suka maƙale a mayar wa masu su. Wannan shi ne aikin da yake faruwa a bayan kalmar da masu POS suke yawan faɗa wa abokan cinikinsu, cewa a yi haƙuri kuɗin za su dawo.

Sashen ƙarshe na wannan zama shi ne tambayar yawa: me zai faru idan masu amfani da manhajar suka ninka sau goma? Nijeriya ta ga amsar a aikace a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A waɗannan makonni jama'a sun koma tiransifa ba shiri, manhajojin bankuna da dama suka riƙa gazawa, mutane da yawa suka koma OPay da PalmPay da Moniepoint. Dabarun da ake tambaya a kansu duk na irin wannan rana ne: ƙara yawan sabobi da raba musu buƙatu, sanya fihirisa a rumbun bayanai domin a samu layi ba tare da karanta teburin duka ba, ajiye amsoshin da ake yawan nema a ma'ajiya mai sauri irin Redis, da kuma layin jira irin Kafka ko RabbitMQ, inda ake jera ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar aika saƙon alat, domin kada su tare wa biyan kuɗin hanya. Littafin Martin Kleppmann na 2017, Designing Data-Intensive Applications, ya yi bayanin tushen waɗannan abubuwa da kyau. Kuskuren da masu nema suka fi yi shi ne jero sunayen kayan aiki domin burgewa, alhali kowane ɗayansu yana zuwa da nasa nauyin, kuma wanda ya ce saba ɗaya da rumbu ɗaya sun isa wannan adadi na mutane, ya kawo lissafin da ya nuna haka, ya fi wanda ya cika allo da akwatuna.

A nan ne tarihin wannan yanki yake zama jari ga wanda ya iya sarrafa shi. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, da farko na mako biyu, daga baya aka tsawaita, aka kuma rufe kasuwannin mako a lokacin. Duk wanda ya rayu a Zurmi ko Shinkafi a waɗannan makonni ya ga abin da yake faruwa da ciniki da asibiti da zumunci idan hanyar sadarwa ta yanke gaba ɗaya, kuma ko a ranakun da babu umarnin kowa ya san sabis da yake zuwa yana tafiya, da wayar da ba ta da ƙarfi, da data da ake saye kaɗan-kaɗan. Tsara manhajar da za ta yi aiki babu intanet, ta adana abin da aka shigar a cikin waya, ta aika shi idan sabis ya dawo, ta kuma san yadda za ta yi idan mutum biyu sun gyara bayani ɗaya a lokacin da ba sa jin juna, yana cikin matsaloli masu wuya a wannan fanni, kuma ƙungiyoyi irin eHealth Africa da ke aiki a Kano suna fuskantar irinsa wajen tattara bayanan lafiya daga karkara. Amma wahala da kanta ba ƙwarewa ba ce. Sai matashi ya zauna ya gina wani abu a kanta, misali manhajar rajistar marasa lafiya ta ƙaramin asibiti ko ta lissafin ƙungiyar adashi, ya ɗora kod ɗin a shafin GitHub, ya rubuta masa gwaje-gwaje da bayanin yadda ake tayar da shi, domin a zauren intabiyu ma gani ya kori ji.

Hirar hali da mu'amala tana da nata tarko ga Bahaushe. Tarbiyyar gida ta koya masa kunya da kawaici, ta koya masa cewa yabon kai jahilci ne, kuma ƙarami ba ya musu da babba, saboda haka idan aka tambaye shi aikin da ya yi sai ya ce "mun yi", idan mai tambaya ya faɗi abin da ba daidai ba sai ya yi shiru. Mai tambaya kuwa yana son ya san takamaiman abin da wannan mutum ya yi da hannunsa, wani lokaci ma yakan faɗi kuskure da gangan domin ya ga ko za a gyara masa. Faɗin gaskiyar abin da mutum ya aikata, da matsalar da ya tarar, da matakin da ya ɗauka, da sakamakon da ya biyo, shaida ce yake bayarwa, ba alfahari ba, kuma ana iya gyara wa babba cikin ladabi ta hanyar kawo hujja a sigar tambaya. A ɗaya gefen kuma wannan tarbiyya tana ɗauke da abin da kamfanoni suke nema ruwa a jallo. An ruwaito cewa Imam Malik yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, kuma duk wanda ya zauna gaban malaman zaure ya ga ana girmama wannan ɗabi'a. Injiniyan da zai ce "ban san wannan ba, amma ga yadda zan bincika" ya fi aminci a kan asusun jama'a fiye da mai ƙirƙiro amsa, domin ɗaya daga cikin tambayoyin da ake yawan yi a wannan zama ita ce ta ranar da mutum ya ɓata wani abu, kuma abin da ake saurare shi ne ko ya sanar da wuri ko ya ɓoye.

Maganar amana ta ƙara nauyi tun bayan fitowar manhajar ChatGPT a Nuwamban 2022, domin irin waɗannan manhajoji suna iya warware yawancin tambayoyin algoridim cikin daƙiƙoƙi, wasu masu nema kuma sukan buɗe su a gefe suna karanto amsa. Wannan ha'inci ne, kuma ba ya daɗewa, domin tambaya ɗaya ta "me ya sa" ta isa ta tona shi. Wasu kamfanoni sun halatta amfani da su a fili suna duba ko mutum zai gane kuskuren da suka yi masa, wasu sun hana, saboda haka wajibi ne a tambayi ƙa'ida tun farko. Injiniyan bayan fage yana iya kaiwa ga lambobin BVN da tarihin kuɗin dubban mutane, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare su, shi ya sa ake tambayar yadda ake adana kalmar sirri ba tare da an rubuta ta a fili ba, da yadda ake hana ɓarawo cusa umarnin SQL ta gurbin rubuta suna. Wanda ya yi maguɗi domin ya shiga irin wannan aiki ya riga ya faɗi jarrabawar da ta fi kowace muhimmanci.

Nauyin gyara bai tsaya a kan mai nema shi kaɗai ba. Frank Schmidt da John Hunter, a nazarinsu na 1998 wanda ya tattara binciken shekaru 85 a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, sun nuna cewa tsararriyar intabiyu, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kuma ba da maki bisa ma'auni rubutacce, ta fi hirar kara-zube hasashen ƙwazo, kuma nazarin da Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake yi a 2022 ya sa ta a sahun gaba. Hirar da ba ta da tsari takan koma neman wanda ya yi kama da mai tambaya a lafazi da makaranta da unguwa, kuma a irin wannan ma'auni mai HND daga Ƙauran Namoda ya yi asara tun kafin ya buɗe baki. Kamfanin da yake son gaskiya zai iya ba mai nema ɗan lokaci ya yi tunani shi kaɗai kafin ya yi bayani, ya ƙayyade aikin gida kada ya wuce sa'o'i kaɗan, ya kuma sake sa rana idan layi ya yanke maimakon ya rubuta cewa mutum bai shirya ba. Makarantun yankin su ma suna da rawar takawa, domin ɗakin kwamfuta ɗaya mai sola da intanet tsayayye, wanda tsohon ɗalibi zai iya nema na sa'a biyu, zai cece shi daga hawa hanyar Gusau a lokacin da hanyoyin ba su da tabbas. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, wanda minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan uku, zai fi amfani a nan idan horon ya haɗa da intabiyun gwaji. Ya kamata kuma matasa su sani cewa kamfanin ƙwarai ba ya karɓar kuɗin fom ko na horo kafin ɗaukar aiki, duk wanda ya nemi haka ɗan damfara ne.

A ƙarshen kowace intabiyu akan ba mai nema dama ya yi tasa tambayar, kuma ga wanda yake niyyar aiki daga Moriki akwai wadda ta fi sauran muhimmanci. Sabobi ba sa barci, saboda haka kamfanoni suna raba wa injiniyoyi kwanakin jiran ko-ta-kwana, inda wanda yake kan layi zai amsa ƙararrawa ko da ƙarfe biyun dare ne, ya buɗe kwamfuta cikin mintuna ya fara gyara. Ya dace mai nema ya tambayi sau nawa juyin yake zagayowa, da mintuna nawa ake ba mutum ya amsa, da wanda ake kira idan na farko bai samu ba, da kuma ko kamfanin yana taimakawa da kuɗin data da na wuta. Ya dace kuma ya faɗi gaskiyar inda yake zaune, ya bayyana tanadinsa, wato sola ko batir, da layukan kamfanonin waya biyu daban-daban, da garin da zai koma idan aka sake katse sabis na tsawon lokaci. Wasu kamfanoni za su ja da baya idan suka ji haka, wasu kuma za su nemi ya zauna a Gusau ko Kano ko Kaduna a makon da yake kan layi, kuma wannan sharaɗi ne da ya kamata a tattauna a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, tare da albashi da tsawon watannin gwaji, kafin a sa hannu.